Shirun Malam Jalaluddeen

Khaulat ta ci bac, jarrabawar kammala sakandare, Malam, kai kuma ka rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, ashirin da uku ga Yuli, na hau benskin, babur ɗin haya, daga New Bell zuwa gidanka a Logbaba don in yi maka albishir ɗin jikata da bakina. Na sauka ina dariya, sai ga tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida, ga takalman mutane. Aka ce da safen nan ne. Na zauna. Har yau farin cikin yana ƙirjina ban san inda zan ajiye shi ba, kuka kuma ya ƙi zuwa.

Kai ka koya mini karatu a makarantar yamma, da furfurata, bayan na rufe shago a kasuwar Marché Dakar. In ka yi tambaya sai ka ce, "J'attends, ina jira," ka yi shiru. Ba ka tsawa, ba ka kuma faɗa wa mutum amsa. A cikin shirun nan na fara haɗa baƙaƙen sunana.

Da ciwon ƙafa ya zaunar da kai, ɗanka Suhaib ya riƙa ɗaukar ka da waya kana koyar da lissafi, Faransanci da Hausa a gauraye, yana sa darussan a wani shafin karatu na intanet. Ya ce a yanke shirun, ka ƙi.

Yaran lise, wato sakandare, na unguwarmu a zaurena suke taruwa, ina jin ra'ayinsu. Awalu ɗan maƙwabcina ya ce malamin waya ya fi na aji, ba ya korar wanda ya makara, in ya ishe ka kuma da yatsa ɗaya za ka rufe masa baki. Wata ta ce ita ba ta yarda da malamin da bai san sunanta ba. Amma duk sun haɗu a abu ɗaya, da zarar ka ce kana jira sai su tsallake wurin.

"Alhaji, data ce ke ƙonewa," in ji Awalu. "Tsohon nan wa yake jira?"

Khaulat ta faɗi bac bara. Yarinya ce da ko ta san amsa ba ta iya buɗe baki a gaban mutane, ta kuma rantse ba za ta sake taka aji ba. Na ba ta wayata da darussanka a ciki. Wata rana na ji tana magana ita kaɗai a ɗaki, na leƙa.

"Amarya, kin samu wani ne kika bar tsohon mijinki?"

"Kai dai Kaka, yi shiru mana. Malam yana jirana."

Amsa take ba ka da ƙarfi. In ta yi kuskure babu mai dariya, sai ta mayar da kai baya, ka sake jira. Da haka ta yarda ta sake zama jarrabawar. Ba ka taɓa ganin fuskarta ba, ita kuwa har tarinka ta sani.

Da na dawo daga jana'iza na faɗa mata. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki wayar, ta buɗe darasinka na ƙarshe, muka zauna har ka ce kana jira.

"Malam, na ci," in ji ta.

Ka yi shirunka har ya ƙare, sannan ka faɗi abin da ka saba faɗa: "Madalla. Mu ci gaba."

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa karatun da ka bari ya riƙa iske ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Hajiya Kulsum da Suhaib da 'yarka Bara'atu da sauran iyali, Allah ya ba ku haƙuri.

Jama'ar New Bell, yaran suna zaurena kullum bayan la'asar. Ku zo ku gani. Malam yana cewa yana jira, ga Awalu da wayar a hannu, yatsansa bai motsa ba.