Gabardin da Shayin Agali

Duk abin da zan manta a sana'ar nan, ban taɓa mantawa da ranar da Sarjan Illo ya zauna a ƙofar shagona na Birnin Konni cikin rigar gabardin ba. Ku da kuka fara taka keke kwanan nan, ku saurara, don watarana irinsa zai shigo muku.

Ƙarshen watan Maris ne, an fara zuba albasa a rumbuna. 'Yan kasuwar albasa na wajen Tsarnawa sun ɗauki masu gadi, suka ɗora Sarjan Illo a kansu. Tsohon soja ne, ya yi aiki can arewa wajen Agadas, ya kai sarjan, wato mai kula da ƙaramin rukunin sojoji, sannan ya yi ritaya. Ya zo da mutanensa a bayan a-kori-kura don in gwada su. Aikin kuwa ina bukatarsa ƙwarai, domin Sallah ta yi nisa, kekunana biyu na zaune suna tsatsa.

Irin wannan ɗinki yana da doka. Farar hula ba ya sa yadi mai dabbare-dabbare irin na soja, jandarma za su tsare shi su nemi telan da ya ɗinka. Abin da muke yi shi ne kaki lami: wando mai aljihu a cinya, riga mai aljihu biyu a ƙirji da maɗauri a kafaɗa. Yadi kuma da lokaci yake tafiya. Gabardin mai kauri na sanyi ne, wato lokacin ɗari. Bazara sai auduga mara nauyi mai shan gumi. Damina kuwa targal, don yana bushewa kafin mutum ya gama shanya shi.

Na shimfiɗa masa duka ukun, na yi wannan bayani tiryan-tiryan. Bai ko dubi audugar ba. Ya murza gabardin da yatsa, ya buga shi a gwiwa.

"Wanga nika so," in ji shi.

Na ce, "Sarjan, wanga na ɗari na. Yanzu hwa bazara muka shiga, kuma mutanenka cikin rana za su wuni."

"Kai tela, bariki kay yi ko ni? Wandon da ba shi tsayuwa da kainai, ba wandon soja ba na. In ba ka iyawa, in tsallaka Najeriya, teloli na nan kamar ƙasa."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. In na ɗinka gabardin, kafin mako ya zagayo mutanensa za su tuɓe su rataye a rumbu, a ce ɗinkin Sahabi ne ba ya sawuwa. In na ƙi, aiki ya tafi. Sai na tuna yadda marigayi maigidana yake yi da mai gardamar yadi. Ba ya musu. Yakan ba mutum riga ta gwaji ya sa, a ɗora shayi a ƙofar shago, in ya kai kofi na uku bai koka ba, a yanka masa abin da yake so.

Ina da wata rigar gabardin da wani direba ya bari tun sanyin bara. Na faɗa wa Sarjan al'adar shagon. Ya yi dariya, ya sa rigar a kan singileti, ya ɓalla maɓalli har wuya. Cikin mutanensa akwai wani Buzu mai suna Agali, shi ya karɓi buta da gawayi. Duk wanda ya san shayin Buzaye ya san ba a yi masa gaggawa, Agali kuma ko cikin Buzaye mai nawa ne.

An yi azahar, inuwar rumfar kwano ta koma kamar murhu. Kofin farko ya zo, baƙi ƙirin, mai ɗaci. Sarjan ya shanye yana ba da labarin fareti. Kafin Agali ya gama kumfar na biyu, labari ya ƙare. Bayan rigar ya yi baƙi, gumi yana bin gemu yana ɗiga a gwiwa. Ya zauna ƙiƙam, idanu jajur, yana numfashi ta baki.

"Shef, lahiya dai?" in ji wani daga cikin yaransa mai suna Tanko, shef kuwa shi ne oga a bakinsu.

"Lahiya lau. Iska ma nika ji."

Tanko ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Sauran suka shiga duban ƙasa. Agali kuwa ya ƙara gawayi, ya ɗaga buta sama yana tsiyayawa a hankali, ya mayar, ya sake.

Nan dariyata ta tsaya, tausayi ya kama ni. Na ga dattijon nan ba zai tuɓe ba. Ya gwammace ya faɗi a kan benci da ya ce tela ya fi shi gaskiya a gaban yaran da zai riƙa ba umarni gobe. In kuwa ya faɗi, shi girmansa ya zube, ni kuma ko sunana ba zai so ji ba. Sai na matso da tef a wuya kamar mai neman ƙarin ilimi.

Na ce, "Sarjan, ni ban yi bariki ba. Wai can tenu guda aka sawa shekara duka?" Tenu ita ce rigar aiki a bakin sojanmu.

Ya ɗago ya dube ni. Na ga abin ya shige shi.

"Wa yah hwaɗa maka? Akwai tenu ta ɗari, akwai ta bazara, akwai ta damana! Bazara auduga aka sawa, mai shan zuhwa. Damana targal. Wanga da kab ba ni na ɗari na. Kai tela, so kaka yi ka kashe min mutane?"

Bayanin da na yi masa ɗazu ya maido mini kaf, har da nuna ni da yatsa. Na durƙusa na ce a yi mini aikin gafara, jahilci ne. Mutanensa suka yi ta gyaɗa kai, Tanko har da cewa shef ya san aiki.

Duk da haka bai tashi ba sai da kofi na uku ya zo, don a cewarsa soja ba ya barin wurin gadi kafin lokaci. Ya shanye, ya miƙe a hankali, ya shiga bayan labule. Na bi shi. Rigar ta manne, sai da na ja hannu ɗaya da ƙarfi kamar mai fiɗar akuya. Ya jingina da bango, ya yi ƙasa da murya.

"Sahabi, ruwa. Randa duka in akwai."

Na ɗinka musu auduga cikin makon. Da damina ta kusa ya dawo da kansa ya yi odar targal, a watan Disamba kuma gabardin. Aikin da na ji tsoron rasawa sai ya zama uku. Har yau in ya zo Konni yakan tsaya a ƙofar shago ya gaya wa duk wanda ke zaune cewa shi ya koya mini yadin kowane lokaci, ni kuma in ce haka aka yi.

Abin da na koya ke nan. Sanin yadin da ya dace da bazara ko damina ba wuya, ko ɗan koyo ya sani. Wuyar ita ce yadda za ka sa mai kaya ya zaɓi daidai ba tare da ka kunyata shi ba. Ku bar masa ƙofar fita, ku bar masa gaskiyar ma in yana so. Ku dai ku riƙe almakashi.