Hannun da ya miƙo ƙwallon

Shekara ashirin da shida ke nan, kafin masu shaguna su buɗe, Baba Miƙo ya riga ya share filin ƙwallon kwando na unguwarmu. Ya tsince tsakuwa, ya taka tsani ya ɗaure ragar da ta tsinke, ya buga wa ƙwallo iska, sannan ya zauna jiran yaran da yake koyarwa. Shagona na ɗinki yana kallon filin, ni nake ɗinka wa 'yan wasan riguna, don haka ba labari aka ba ni ba.

Asabar mai zuwa za a karɓi mabuɗin filin daga hannunsa, a ba sabon koci. Kwamitin filin ya ce ya tsufa, kuma salonsa ba ya fitar da gwani. A ranar ce kuma za a kafa allo a bakin ƙofa, a sa wa filin sunan ɗan wasan da ya fi kowa. Mutum biyu ake ja a kansu: Dogo da Bahago.

Wata guda ana wannan musun a bencin shagona. Mutanen Dogo suna cewa ya taɓa cin maki arba'in a wasa ɗaya. Mutanen Bahago suna rantsuwa ko an ɗaure masa ido ba ya kuskuren jifa daga nesa. Na bari suka gaji, na tambaye su ko ƙwallon daga sama take faɗo wa gwanayen nan. Wani direban tasi ya ce, "Kai dai tela, tsaya a kan wandon da ka riƙe mini tun bara." Aka yi dariya, aka koma musu.

To ni ina wurin, shekara talatin da suka wuce, ranar wasan ƙarshe na kofi, lokacin Baba Miƙo da Dogo suna yi wa unguwarmu wasa. An fi mu da maki ɗaya, lokaci ya kusa cika, ƙwallo tana hannun Baba Miƙo. Fili duka ya ɗauka, jefa, jefa. Ga kuma baƙi daga babbar ƙungiya sun zo neman ɗan wasa. Ya ɗaga hannu kamar zai jefa, masu tsaro biyu suka yo kansa, sai ya zura wa Dogo ita a ƙarƙashin kwando, Dogo ya ci. Dogo aka ɗaga a kafaɗa, Dogo baƙin suka tafi da shi. A hoton da ke rataye a ofishin kwamiti, gwiwar hannun Baba kaɗai ta fito.

Da ya koma koyarwa, doka ɗaya ya kafa: wanda ya ci bai juyo ya nuna wanda ya miƙo masa da yatsa ba, cin bai shiga ba. Bahago yana tashen ƙuruciya ya ƙi, Baba ya zaunar da shi wasa uku. Uban Bahago ya zo har fili ya zage shi tas. Baba ya bari ya gama, ya kawo masa kujera. Yau Bahago da bakinsa yake cewa zaman nan ne ya mai da shi ɗan wasa, amma ban ji ya faɗa a gaban kwamiti ba. Shugaban kwamitin kuwa Dogo ne.

Jiya na tarar da Baba yana shafa man zafi a gwiwa, na ce maganar allon nan ta yi mini ciwo. Ya ce, "Ni allo bai dame ni ba, tela. Sabon kocin ne ya ce wa yara nuna yatsa ƙauyanci ne."

Baba, kai ne hannun da ba ya fitowa a hoto. Kai ka koya wa 'ya'yanmu su duba gefe kafin su duba kwando. Mun ci moriyarka, muka bar ka da tsintsiya. Mun gode, Allah ya saka maka, tunda mu mun kasa.

Duk wanda ya taɓa cin ƙwallo a filin nan, ya zo ranar Asabar. Idan Baba ya miƙa mabuɗin, kada kowa ya tafa. Mu ɗaga yatsa mu nuna shi, yaranmu suna gani. Dogo, kai ma hannunka lafiya yake. Shekara talatin ke nan ba ka juyo ba.