Saƙon da Na Tura Kwaja

Shekarun baya, bayan mun dawo Mubi daga gudun hijira, na sake buɗe shagona na taki da maganin feshi a Sabon Layi. Kasuwa ta mutu murus. Sai wani abokina ya nuna mini dabarar zamani: ka rubuta saƙo ɗaya, ka danna, ya tafi ga duk lambobin da ke wayarka. Ni kuwa da son jiki, na ce shi ke nan, na huta da yawon ƙauyuka. Mahaifina a zamaninsa a kan keke yake bin manoma gida-gida kafin damina, ya gaishe su, ya sha ruwan randarsu. Ni ga ni a kujera ina yin aikinsa da babban yatsa.

Na rubuta cewa kwana biyu ba mu gan ka ba, muna cigiyarka, taki ya iso. Ciniki kuwa ya buɗe, har na fara jin kaina wani gwani.

Ranar kasuwa wata mata ta yi sallama a bakin shagon. Ta kwance bakin zaninta, ta fito da tsohuwar waya ɗaure da roba. Ta ce daga ƙauyen Kwaja take, wayar ta mijinta ce, maƙwabcinsu ne ya karanta mata saƙona. Mijin ya rasu a hanya lokacin gudu.

"Alhaji, na ga kana cigiyarsa, na san ba ka ji ba. Kullum yana cewa kai mutuminsa ne. Bai kamata ka ji a bakin wani ba, shi ya sa na zo da kaina."

Na yi mata ta'aziyya, na faki idonta na duba lambar a wayata ko zan tuna shi. "Kwaja buhu biyu" kawai na rubuta a wurin suna. Na yi ta laluben fuskarsa a raina, wallahi ban samu ba. Da ta tambaye ni ko na tuna gyaɗar da ya taɓa kawo mini, na ce ƙwarai kuwa. Ƙarya na yi mata, ta tafi tana sa mini albarka.

Har yau ina talla ta waya, kuma tana kawo ciniki, ba zan musa ba. Sai dai na daina ce wa mutum ina cigiyarsa alhali ko fuskarsa ban riƙe ba. Abin yana ci mini rai duk sanda damina ta gabato. Lambar tana nan yadda na rubuta ta. Na so in gyara, amma ranar kunya ta hana ni tambayar matar sunan mijinta.