Gyaran Muryar Malam Sada

In ka bi ta bakin tashar Daura, hannun da motocin Mai'aduwa ke lodi, za ka ga wani ɗan shago na maganin dabbobi. Mai shagon sunansa Hafizu, dogo, siriri, bai kai talatin ba. Maganarsa ƙasa-ƙasa ce, sai ka karkata kunne kafin ka ji abin da ya ce. Masu zuwa sayayya sun ɗauka haka Allah ya yi shi. Ni na san ba haka ba ne, don ni na koya masa yadda ake jefa murya ta kai bangon ƙarshe na ɗakin taro.

Shekara ashirin da shida na yi ina koyar da Hausa da wasan kwaikwayo a wata babbar sakandare ta cikin gari, kuma na ga 'yan wasa iri-iri. Akwai masu ganin in sun cusa tsumma a ciki sun zama alhazai, in sun goga alli a haɓa sun tsufa. Ba na ɓoye wa irin waɗannan ra'ayina, shi ya sa a bayan idona suke ce mini Malam A-sake. Hafizu kaɗai ne ban taɓa ce wa ya sake ba.

Akwai aikin da nakan ba 'yan ajin ƙarshe tun farkon shekara. Kowa ya zaɓi mutum ɗaya mai rai, ya yi ta binsa yana lura da tafiyarsa, da tarinsa, da yadda yake shiru in ransa ya ɓaci. Ƙarshen shekara sai ya hau dandamali ya zama mutumin na minti biyar, ba kwalliya, ba kayan aro. Wasu sukan ɗauki mai shayi, wasu ɗan kamasho. Hafizu ya ce shi mahaifinsa zai yi. Na ce madalla, ai ga shi a gida, ba sai ka sha rana ba. Har gobe ina cizon yatsa a kan wannan madallar.

Mahaifin nasa, Malam Sada, dillalin tumaki ne, mutum mai kamun kai wanda ba a cika ganin haƙoransa ba. Yana da wata ɗabi'a da duk unguwa ta sani. In ya dawo gida ba ya faɗawa ciki kai tsaye. Sai ya tsaya a zaure ya yi gyaran murya sau biyu, na biyun ya fi tsawo, sannan ya yi sallama yana jan ƙarshenta, don in da matan maƙwabta a tsakar gida su kimtsa. Matarsa Lami kuma da ta ji sai ta miƙe ta tarye shi da butar ruwa. Shekara ashirin da biyar suna haka.

Cikin wata guda Hafizu ya kwashe uban nan tas. Ranar da ya gwada mana a aji babu wanda ya yi dariya, don abin ya wuce na dariya. To, ka san yara da baki. Labari ya kai kunnen Malam Sada a kara, kasuwar dabbobi, wai ɗansa na kwaikwayonsa a makaranta.

Da safiyar ranar kasuwar Mai'aduwa ya tsare yaron a tsakar gida. Ya ce shi bai haifi ɗan da zai mai da shi abin kallo ba. Lami, wadda ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ranar ta ɗaga. Ta ce karatu yaron yake yi, in kuma ba a son a kwaikwayi mutum yana ɗaure fuska, sai ya riƙa sakinta. Malam Sada ya dube ta, ya dubi ɗan, ya ɗauki sandarsa ya fita, kokonsa na ajiye bai taɓa ba. Ba ta ce masa a dawo lafiya ba. Kafin azahar motar da ya shiga ta yi karo a hanya, kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni na ja, wasu ya doka.

Lami ta shiga takaba. Mutuwar ta karɓa, don mace ce mai tawakkali. Abin da ya ƙi barinta shi ne sun rabu ba su yafi juna ba. Ta daina cin abincin kirki, sai ɗan kunu. 'Yan'uwa suka yi ta ba ta baki, cewa tsakanin miji da mata sai Allah, ta yi ta yi masa addu'a. Ta ce ta ji, amma kullum ƙara zubewa take yi.

Wajen wata uku da rasuwar, wata rana bayan la'asar, Hafizu na zaune shi kaɗai a zaure. Ya ce mini ba shiri yake yi don jarrabawa ba, kewar muryar uban ce kawai ta dame shi, ga ta kuma a maƙogwaronsa. Ya yi gyaran muryar sau biyu, ya yi sallamar. Bai rufe baki ba ya ji takun ƙafa. Labule ya ɗaga, sai ga Lami da buta a hannu.

Suka tsaya suna kallon juna. Ta ajiye butar a hankali, ta koma ciki.

Bayan kwana uku ta kira shi ɗaki. Ta ce, "Akwai abin da nake so ka yi mini. Ranar da zan fita takaba, ka tsaya a zaure yadda ka tsaya rannan. Kada ka shigo. Zan faɗi magana, kai kuma ka amsa mini da bakinsa."

"Inna, wace magana?"

"Ka san ta."

Washegari ya same ni a ofishin malamai, ya jira kowa ya fita, ya faɗa mini duk wannan. Ya ce, "Malam, ya halatta? Ni ban san ko ya yafe ba. In na faɗa, ƙarya na yi wa mamaci. In na ƙi, Inna za ta bi shi."

Na san abin da kowane malamin zaure zai ce masa, babu mai yafiya a madadin wanda ke kabari. Na kuma ga Lami da idona ranar da na je ƙara ta'aziyya, wuyan hannunta bai fi kaurin muciya ba. Abin da na iya cewa kawai, ita ma ai ta san ba shi ba ne. Ya ce ya san ta sani. Na ji kunyar kaina, don ba amsa na ba shi ba, zamewa na yi.

Ya yi. Ranar da wata huɗu da kwana goma suka cika, da hantsi, kafin 'yan barka su fara zuwa, ya tsaya a zaure ya yi sallamar. Daga bayan labule ta amsa, ta ce, "Malam, na yi maka laifi. Ka yafe mini."

Ya ce, "Na yafe miki, Lami, duniya da lahira. Ni ma ki yafe mini."

Ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza. Da ta gama ta share ido, ta ce da muryarta ta kullum, "Hafizu, shigo ka karya." Ranar ta ci tuwo. Tana nan da ranta har yau, ta yi ƙiba ma, tana kiwon awaki tana faɗa da jikoki.

Ranar jarrabawa na kira sunansa, ya hau dandamali ya tsaya. Minti ɗaya, minti biyu. Ya ce, "Malam, a yi haƙuri, na riga na yi nawa," ya sauka. Na bar gurbin makinsa babu komai, shugaban makaranta ya yi ta mita, na ce ya cike da kansa in ya san abin da zai rubuta. Na so yaron nan ya wuce jami'a ya karanta wasan kwaikwayo, har takardu na karɓo masa. Bai cike ba. Wani abokin mahaifinsa, Alhaji Zailani, ya koya masa harkar maganin dabbobi, daga baya Hafizu ya buɗe nasa shagon.

Bara na raka maƙwabcina shagon, tunkiyarsa na zawo. Da ya tafi na zauna a benci, na yi abin da na saba, na hau faɗa. Na ce ya binne baiwar da Allah ya ba shi. Na ce uwarsa ta warke, me kuma ya rage? Ya bar ni na gama, yana jera kwalabe a kanta.

Sannan ya ce, "Malam, a kaina fa Baba da Inna suka yi faɗan nan. Ni ya fara duba kafin ya fita, ko ni ya duba ƙarshe, na kasa tunawa. Inna ta samu wanda zai tsaya mata a zaure. Ni wa zai tsaya mini?"

Wani Bafulatani ya leƙo yana tambayar maganin kaska. Hafizu ya juya ya ɗauko masa, ni kuma na nemi takalmana.