Baba Ya Dawo Ba Ɗinki

Tsakanin gidanmu a Rano da gonar Baba akwai wata tsamiya. A shekarar da ciwonsa ya tsananta, kullum sai ya tsaya a gindinta ya dafe ƙirji, wai inuwa yake sha. Ni ce babbar 'yarsa, na san ba inuwa ba ce. Tsorona kada wata rana a ɗauko mana gawarsa daga nan.

Likita a Kano ya ce jijiyar da ke kai wa zuciyarsa jini ce ta toshe, sai an yi aiki. Da jin haka Baba ya tara mu ya yi wasiyya, ya yafe wa kowa, har maƙwabcin da awakinsa suka cinye masa wake. Inna ta tanadi kaji shida na farfesun jinya.

Ashe ba tsaga ƙirji za a yi ba. Ta wuyan hannu suka zura siririyar waya, suka kai wani ɗan ƙarfe mai raga-raga, bai kai gaɓar yatsa ba, ya buɗe jijiyar ya zauna a ciki. Baba idonsa biyu aka gama. Kwana biyu aka sallame mu.

A wajenmu, wanda aka yi wa aiki yakan ɗaga riga 'yan dubiya su ga ɗinki su yi salati. Baba kuwa sai dai ya miƙa hannu. Yayarsa, Gwaggo, ta taso takanas daga Kibiya, ta ƙura wa ɗan ɗigon ido, ta taɓe baki.

"Wannan ai cizon sauro ne. Ba abin da suka yi maka, yaro."

Dariya muka yi, amma maganar ta tsaya mini a rai. In fa gaskiyarta ne?

Da likita ya yarda ya koma gona, na ce sai na raka shi. Gwaggo ma ta biyo mu, tana mita. Muna dosar tsamiyar na zuba wa Baba ido. Baba ya wuce ta ko waiwaye bai yi ba, yana ta zancen irin gyaɗa. Gwaggo ce ta zube a gindinta tana haki.

"Kai, tsaya mana! Wa ya kore ka?"

Ya juyo yana dariya. Ni kuwa na ja gefen mayafina na rufe fuska, na yi kukan da na daɗe ina haɗiyewa.