Hotuna Tara a Gaban Makaho

A wani shagon intanet kusa da tashar motocin Kurfi, nan Dutsin-Ma, wani dattijo makaho yana zaune a benci, sandarsa a kan cinya. Farar rigarsa ta sha guga. Ya kara waya a kunne, yatsansa yana shafa gilashin, wata murya tana karanto masa rubutu da saurin da ni ban tsinci ko kalma ɗaya ba. Ina jin tsohon malamin makaranta ne, don zamansa na wanda ya saba a saurare shi ne.

Fom ɗin tallafin masu buƙata ta musamman yake cikewa, idan ya gama a buga masa a takarda. Suna, gari, shekaru, duk ya wuce su shi kaɗai. Sai shafin ya jero hotuna tara, wai ya zaɓi waɗanda akwai mota a ciki don a tabbatar shi mutum ne. Muryar ba ta da abin faɗi sai "hoto, hoto, hoto."

Mai shagon ya miƙo hannu. "Baba, kawo in latsa maka."

Dattijon bai saki ba. "Ɗana, tun daga Kurfi na zo, ba wanda ya riƙe mini sanda."

Masu shafin nan sun rubuta makafi cikin waɗanda ake nema, sannan suka naɗa ido mai gadin ƙofa. Can dai dattijon ya miƙa wayar, ya sunkuyar da kai, kamar shi ne ya yi abin kunya.