Gishirin da Na Mayar

Ban iya rubutu ba, 'yata ce ke rubutawa. Na ce mata ko na yi kuka kada ta tsaya.

Marigayi maigidana masinja ne a Samaru, muna zaune a Palladan. Wata damina ciwon ƙeya ya matsa masa, ya je wani asibiti a Sabon Gari aka auna shi. Likita ya ce hawan jini ne, amma bai yi nisa ba, ba a kai ga shan ƙwaya ba. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, ya riƙa taka ƙafa, ya koma awo duk wata. Ya dawo yana dariya, wai ciwon masu mota ya kama mai keke.

Na ware masa 'yar tukunya: daddawa, citta, tafarnuwa, gishiri kuwa abin da yatsa biyu suka ɗauka. Ruwa ya hana zaman waje, a ɗaki yake ci. Awo biyu a jere aka ce jinin ya sauka.

Da ruwa ya ɗauke, mazan layinmu suka koma ciyayya. Bayan magariba kowane gida ya fitar da kwano, su haɗu a tabarma ƙofar gidanmu, kowa ya sa hannu a na kowa. Na zuba na 'yar tukunyarsa na fitar. Ina tsakar gida na ji tela maƙwabcinmu yana cewa:

"Malam, gishiri ne ya ƙare a kasuwa, ko uwargida aka ɓata wa rai?"

Aka yi dariya, har da maigidana. Kwanona ya dawo kusan yadda ya fita. Kashegari matar telan ta aiko mini da ƙullin gishiri, wai gudummawa. Maigidana kuma ya hana ni faɗar dalili, ya ce namiji ba ya tallar ciwonsa.

Ni da ake kira girkin biki har Hanwa. Kwana huɗu na jure. A na biyar na mayar da gishiri, na ƙara dunƙule biyu. Kwano ya dawo a suɗe. Maigidana ya ci gaba da ci hakanan. Da ya ji babu inda ke masa ciwo, awon ma ya daina zuwa.

Bayan shekara uku ya faɗi yana alwala, ɓarin jikinsa ya shanye. Kwana tara ya yi, ya rasu.

Kowa ya ce mini kwana ne ya ƙare, na kuma yarda. Telan ya zo gaisuwa da hawaye, har yana yabon miyata. Ni dai na san hannun da ya ɗebo gishirin nan. Allah ya jiƙansa, ni kuma ya yafe mini.